Ranar da Jinka Ta Ratso Gonar Dawa

Har yau ba na iya zama a ƙarƙashin rufin ƙasa. Ko zaurenmu zan ratsa sai na ɗaga kai na dubi azara, in wuce da sauri kamar wadda kare ya biyo. Kakata tana yi mini dariya, wai boko ya sa mini tsoron gidan ubana. Ba boko ba ne, ita ma ta sani, don da ɗan yatsanta ta ƙwaƙule mini ƙasa daga cikin kunne. Bara abin ya faru. Yanzu ga wata daminar ta fara haɗa hadari a gabas, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta.

Matar baffana 'yar ƙasar Filifin ce. Baffa, ƙanin mahaifina, direba ne a Jidda. A can ya haɗu da ita tana ɗinki a gidan wasu Larabawa, aka ɗaura musu aure, ya kawo ta ƙauyenmu da ke arewa da Ɗambatta. Ya gina mata soro mai kaurin bango a ƙuryar gidanmu, ya sa mata gadon ƙarfe da keken ɗinki, sannan ya koma da niyyar ya ƙarasa aikinsa ya dawo gaba ɗaya. Bai dawo ba. Saƙo ne ya zo cewa mota ta kife da shi, an binne shi a can. A cikin soron ta yi takaba, kuma da ta fita takabar ba ta da inda za ta. Ba su haihu ba. Shekarun fari ne, gero yana bushewa tun yana iya gwiwa, a birni ma sai an yi layi ake samun sabulu. Maganar kuɗin jirgi ko tayar da ita ba a yi. Baba ya ce amanar ƙaninsa ce, abin da muka ci shi za ta ci.

Ana cikin haka na gama sakandare na dawo gida. Ba aiki, ba halin ci gaba. Sa'o'ina duk suna gidajensu da goyo, in na je wurinsu sai hira ta mutu, wata ta ce, “Malama, a ba ki kujera ko za ki iya zaman tabarma?” Na daina zuwa. A duk gidanmu ni kaɗai ke jin Turanci, don haka na zama bakin matar Baffa da kunnenta. Anti nake ce mata. Yaran gari suna ce mata 'yar Caina, ta gaji da gyara musu ta bari.

Baba ba ya haɗa ido da ita, tunda matar ƙaninsa ce. In yana da magana sai ya tsaya a bayan zana ya yi gyaran murya ya ce, “Ke, gaya mata an kawo tsaba.” Ita kuma daga cikin ɗaki ta ce mini, “Ce masa na gode.” Suna jin muryar juna sarai, amma sai maganar ta bi ta kaina.

Kullum bayan azahar ina ɗakinta. Tana taka keke, ni ina sa maɓalli ko ina kalmasa bakin zane, tana ba ni labarin ƙauyensu. Wani abu da na lura da shi, ba ta taɓa fara labarin daga ko'ina sai daga bakin ruwa, ta hauro tudu a hankali kamar mai tafiya da ƙafa. Da farko akwai itatuwan da ke tsirowa a cikin ruwan gishiri, saiwoyinsu a waje kamar yatsun hannu, kuma da sunansu ake kiran garin. Sai gidajen da ke tsaye a kan dogayen ƙafafu, ruwa yana shiga ƙarƙashinsu da safe ya janye da yamma. Sai rairayin da ake jan kwalekwale a kai, inda mata ke shanya ƙananan kifaye a kan gadajen gora, warin yana bin mutum har cikin gashin kai. Sai rijiya ɗaya tak mai ruwan daɗi. Sai masallacin katako, can sama kaɗan coci, sai gonakin kwakwa. A ƙarshen tudun kuma hasumiyar dutse.

Ta ce asalin garin sansanin masu dafa gishiri ne, mutanen da ke tafasa ruwan teku a manyan tukwane har ya ƙafe. Da Turawan Sifen suka zo sai suka sa aka gina hasumiyar da duwatsun da ake fasowa daga cikin teku, don a riƙa hango jiragen mahara da ke zuwa daga kudu. Shekaru suka shuɗe, yaƙi ya koro jikokin waɗannan mutanen kudun, Musulmi, suka iso da mata da yara suna roƙon wurin zama. Aka ce ba fili a tudu, sai dai kan ruwa. Suka ce kan ruwa ai gidansu ne. Ubanta daga cikinsu yake, uwarta kuma 'yar tudu ce.

“Kin ga,” in ji ta, “kakannin uwata sun gina hasumiya don tsoron kakannin ubana. Yanzu in iska ta taso, dukkansu a ciki suke cunkushewa, wannan yana jan carbi, wancan ma yana jan nasa.”

A babban yaƙin duniya sojojin Japan sun ƙone musu jirage, garin ya yi shekara yana cin saiwa da ganye. Da ta faɗi wannan na ce mata ai mu ma haka muke yanzu, tafasa da rama. Ta ce shi ya sa ba ta jin kunyar kwanon da ake kawo mata.

Abubuwa biyu ta fi maimaitawa. Na farko ɗaukar gida. A garinsu in teku ta cinye gaɓa ta matso kusa da gidan wani, ba a rushe shi. Ana busa wata ƙatuwar katantanwar teku, maza su taru, a zura gora a ƙarƙashin gidan, a ɗaga shi cak a kan kafaɗu a kai shi tudu. Mai gidan ba ya biyan kowa, abinci kawai yake dafawa. Ta ce gajerun maza su ne ke yin waƙa a hanya, don kafaɗarsu ba ta kai gorar ba, ba abin da suka ɗauka. Ubanta ne mai busa katantanwar, kuma da za ta tafi Jidda ya ba ta tsohuwar tasa. Tana nan a ƙasan akwatinta, naɗe cikin rawanin Baffa. Sau ɗaya ta nuna mini.

Na biyu guguwar da aka yi tana yarinya. Wannan ba ta taka keke in tana faɗa. Iska ta zo daga teku ta riƙa ɗauke gidajen ciyawa kamar faifai. Uwarsu ta ja ta zuwa hasumiya, ƙanwarta kuma tana gidan gwaggonsu, gidan ciyawa. Duk wanda ya shiga hasumiya ya fito da ransa. Gidan gwaggon ko dirkarsa ba a gani ba. Sai ta bubbuga bangon soronta da tafin hannu ta ce, “Gida mara nauyi shi ke kashe mutum. Baffanki ya san haka, shi ya sa ya gina mini wannan.”

Ina son labaran nan fiye da yadda zan iya faɗa. Ni da ko kogi mai gudu ban taɓa gani ba, na san wane gida ne ke kusa da rijiya a wani gari da ke bayan duniya. A ƙauyenmu ba mai tambayata komai. A ƙauyensu kuwa, in na ce, “Anti, matar nan mai sayar da barasar kwakwa, ta shirya da surukarta?” sai ta yi dariya har ta riƙe ciki.

Sai bara ruwa ya dawo, ya dawo kamar mai fushi. Aka shiga marka, sama ba ta buɗewa, yayyafi safe da rana. A wurinmu kowa ya san soro sai da yaɓe. Kafin damina ake hawa a shafe rufin da makuba, a gyara indararo, don ruwa ya zare kada ya kwanta. Soron Anti kuwa tun tafiyar Baffa ba wanda ya hau shi. Shekarun farin sun tsattsage shi, gara ta shiga azara, mu kuma hankalinmu yana kan abin da za a ci. Da markar ta yi nisa sai rufin ya fara shan ruwa yana ƙara nauyi.

Kaka ce ta fara gani. Ta tsaya a tsakar gida tana kallon tururuwa suna fitowa daga gindin bangon a jere, kowace da ƙwanta a baki. Ta kira Baba. Ya zaga ɗakin ya taɓa bango, ya dawo bayan zana.

“Ke, gaya mata ɗakin nan ya gama. Ta kwaso kayanta ta koma wurin Iya kafin ruwa ya ɗauke.”

Kaka ta ɗaga murya daga bakin ɗakinta na ciyawa. “Ce mata ta zo, ba na cizo. Haƙoran ma babu.”

Na shiga na faɗa mata. Ta leƙa ta dubi ɗakin Kaka, ta girgiza kai. Ta ce wannan rufin da yatsa za ta huda shi. Na ce mata a nan ba iskar da ke ɗauke ɗaki, ruwa ne ke kwanciya a kan ƙasa har ta fi ƙarfin itace. In jinka ta faɗo wa mutum, tashi zai yi ya kakkaɓe jiki, in soro ne sai dai a tono shi.

Ta ce, “Ke ba ki taɓa ganin iska ba.”

Na ce, “Ke ma ba ki taɓa ganin ƙasa ta ƙoshi da ruwa ba.”

Ta ci gaba da ɗinkinta. Na fita na ce wa Baba ta ce a'a. Ya ce, “Sake gaya mata.” Na sake. Ba shi da ikon shiga ya jawo ta, ita kuma ba ta ga dalilin barin wurin da a saninta shi ne mafi tsaro a duk garin ba. Kullum sai na kai saƙo na dawo da irin amsar jiya. Har na fara jin kamar laifin Turancina ne, kamar akwai wata kalma da ba a koya mana a makaranta ba wadda da na faɗe ta za ta tashi.

Ban daina zuwa ɗakin ba, don in na daina ba mai zuwa. Amma na koma zama a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya a waje. Ƙasa tana zubowa kaɗan-kaɗan a kan farin yadin da take ɗinkawa, ta kakkaɓe, ta matsar da keke. Inda ke ɗiga ta tara kwano. Wani lokaci azara ta yi ƙara kamar an taka busasshen kara, ita ko ɗaga kai ba ta yi. A garinsu, in ji ta, gida kullum cikin ƙara yake, ƙarar alama ce cewa yana nan.

Ranar da na ga wata tsaga ta buɗe daga kan taga har ƙasa, na kasa cin tuwo. Ina zaune ina juya labaranta a kaina sai na tuna da ɗaukar gida. Mu ma ai muna ɗaukar jinka. A ƙasa ake haɗa ta, a baibaye ta, maza su shiga ƙarƙashi su ɗaga su ɗora. A bayan gari kuma akwai gidan masaƙan da suka tashi a shekarar da yunwa ta fi tsanani ba su dawo ba, da wata jinka mai kyau a tsaye ba kowa a cikinta.

Ban saba tunkarar Baba da shawara ba. Na durƙusa a bakin zaure na ce a kafa dirkoki a tsakar gida a kewaye da zana, a ɗauko jinkar masaƙa a kawo wa Anti.

“Ga ɗakin Iya a buɗe, sai na tara mutane ana tsakar noma?”

Na ce a garinsu haka ake yi wa wanda gidansa ke cikin haɗari. Watakila in ta ga an yi mata irin nasu za ta yarda.

“Wato ita sai an yi mata biki za ta tsira da ranta.”

Ashe Kaka tana ji. Ta ce, “Kai, ɗan nan. An binne mini ɗa ban ga kabarinsa ba. Ba zan tono matarsa a tsakar gidana ba. Je ka kira gayya.”

Ranar Juma'a aka yi, bayan an sauko daga masallaci, ruwa ya ɗan tsagaita. Kaka ta dama kunun tsamiya da ɗan geron da ya rage, tsararo ƙwarai, amma da zafinsa. Ban gaya wa Anti komai ba. Da na ji hayaniya daga nesa sai na shiga na ce ta zo ta ga wani abu. Na kai ta inda katangar baya ta zube, na kife mata turmi ta hau, don gajeruwa ce.

Dawa ta yi tsawo a lokacin, ta wuce kan mutum. Ba a ganin kowa. Jinka kawai ake gani tana tahowa a saman ganye, tana rangaji, ta karkata hagu ta dawo dama, kamar ɗaki ya gaji da zama ya fito yawo. Sai muryoyi daga ƙarƙashi.

“A hankali, akwai kunya!”

“Wa ke taka mini ƙafa?”

“Kai gajere, wallahi ba ka ɗauki komai ba, inuwa kawai kake sha!”

“To ni ne na ce ku yi tsawo?”

Ban fassara mata ba. Da suka fito fili ta gan shi da idonta, wani ɗan guntun mutum mai sayar da goro, yana tsakiya, hannayensa a sama ko taɓa jinkar ba su yi, shi ya fi kowa ihu. Ta nuna shi da yatsa, ta fashe da dariya, dariyar ta juye ta zama kuka. Ta riƙe kafaɗata ta yi ta faɗar wasu kalmomi da harshensu. Ban taɓa jin ta yi harshensu da ƙarfi ba sai ran nan.

Aka ɗora jinka a kan dirkoki. Maza suka koma zaure shan kunu, ita kuma ta shiga ta girgiza kowace dirka, ta ja kowace igiya. Ta ce in nemo mata ƙarin igiya da turaku. Ta jefa igiyar ta kan jinkar ta ɗaure ta da turakun a ƙasa ta kowane gefe, irin ɗaurin da ban taɓa gani ba. Mai goron ya leƙo ya ce, “Ikon Allah, ɗaki ne ko akuya?” Baba ya ce a ƙyale ta.

Da ta gama ta zauna a ƙasa a tsakiyar ɗakin ta dubi sama. Ta ce mini har yanzu ba ta yarda da shi ba. Amma a garinsu gidan da aka ɗauko wa mutum a kafaɗa ba a ƙin shigarsa, wanda ya ƙi ya zagi gari gaba ɗaya. Ta ce in gaya wa Baba gobe za ta kwaso kaya. Na fita da gudu na faɗa masa. Ya ce, “Alhamdu lillahi,” ya juya fuska.

Washegari da hantsi yayyafi ya dawo. Maza duk sun tafi gona, yawancinsu can fadama. Muka fara kwasa ni da ita. Muka kinkimo keken tare, muna hutawa a hanya. Muka fitar da akwati, da kwanuka, da tabarmar da uwarta ta saƙa mata. Ta ɗauki ƙunshin yadudduka ta yi gaba, ni kuma na tsaya kwance gidan sauro daga jikin ƙusa. Igiyar ta ƙulle, ina ta fama da ita da farce.

Na ji ƙarar karan nan, amma wannan karon ba ta tsaya ba. Na tuna na ga haske ya shigo ta inda bai kamata ba. Ban san ko faɗuwa na yi ko tsalle ba, na dai tsinci kaina rabi a ƙarƙashin gadon ƙarfe, sannan komai ya yi duhu. Wani abu mai nauyi ya danne mini ƙafar hagu. Bakina cike da ƙasa mai sanyi, hancina ma haka. Gadon ya lotsa har yana taɓa bayana. Na so in yi salati, ba hanyar da zai fita.

Ina jin mata can sama kamar daga cikin rijiya, suna ihu suna kiran sunana. Na san ba za su iya ɗaga azara ba. Na san kuma kafin yaro ya ruga fadama ya dawo da maza, numfashin da ke ƙarƙashin gadon ya ƙare. Na kwanta ina jin bugun zuciyata a cikin kunne, ina tunanin ashe haka ake yi, ba wani abu mai girma, mutum yana kwance gidan sauro.

Sai na ji wata ƙara da ban taɓa ji ba. Doguwa, mai kauri, kamar kukan bijimi amma ba ta yankewa. Ta ratso ƙasar ta shiga ƙirjina. Ta tsaya, ta sake. Ta sake. Na gane ko mece ce, ni kaɗai a duk garin zan iya ganewa, kuma na san abin da take nufi a inda aka yi ta: kowa ya ajiye abin da ke hannunsa ya zo.

Daga baya aka ba ni labari. Wai Anti ta hau kan turmin nan, ba mayafi, ruwa yana dukanta, ta kafa katantanwar a baki ta juya ta wajen fadama. Maza suka watsar da noma. Wani tsoho ya zube a kunya yana kalmar shahada, ya ɗauka ƙahon tashin duniya ne. Sauran suka biyo ƙarar da fartanyoyinsu a hannu, ba su san me za su tarar ba. Da fartanyoyin aka tono ni. Da aka janye gadon na ga fuskar Anti kafin ta kowa, faratanta sun kakkarye, hannayenta jini da laka. Kaka tana share mini ido da bakin zaninta tana cewa, “'Yar boko, buɗe ido, kar ki yi mini haka.”

A wurin, a gaban kowa, Baba ya dubi matar ƙaninsa ido da ido ya ce, “Sannu, ƙanwata. Allah ya saka miki.” Ba wanda ya nemi tafinta.

Ƙafar ta karye. Aka sa ni a akori-kura zuwa Ɗambatta, daga can aka ce sai Kano. Anti ta ce ita za ta yi jinyata, ba wanda ya hana. A ƙasa take shimfiɗa tabarmarta kusa da gadona, ita ke yi mini wanka, ita ke ba ni abinci.

Wata safiya wata nas ta zo duba ni, gajeruwa, mai irin gashin Anti. Suka dubi juna. Nas ɗin ta faɗi kalma ɗaya, Anti ta miƙe tsaye kamar an tsikare ta. Suka kama hannun juna suka ɓarke da magana, da sauri, suna katse juna, suna dariya. Ina kwance ina kallon bakin Anti. Duk zaman da muka yi ban san tana da irin wannan muryar ba, ban san tana da saurin magana ba. Ko kalma ɗaya ban gane ba. Na yi mata murna, wallahi na yi. Amma tun a lokacin na san ta tafi.

Ashe akwai 'yan ƙasarsu da dama a birni, nas-nas da malaman makaranta, kuma da yawansu suna haɗa kaya za su koma saboda rayuwa ta yi tsada. Suka karɓi fasfonta suka yi ta zirga-zirga, suka haɗa mata abin da ya sawwaƙa. Kafin a cire mini filasta magana ta ƙare. Ta dawo ƙauye ta yi sallama, ta durƙusa wa Kaka, Kaka ta dafa mata kai ta sa mata albarka. Ta bar mini keken da ɗakin. Katantanwar ta tafi da ita, ta ce ta gari ce, aro ubanta ya ba ta. A bakin mota ta ce mini kada in kwance igiyoyin. Na ce ba zan kwance ba.

Ban sake jin labarinta ba. Ban san ko ta tarar da ubanta da rai ba, ko teku ta ƙara cin gaɓa, ko an ɗauke gidansu an kai tudu ta isa ta rasa inda yake.

A ɗakin jinkar nake kwana yanzu, a nan nake ɗinki. Inda soron yake an baje shi, Kaka ta shuka kuɓewa. Mata suna kawo ɗinki su tafi, ba mai zama. Sau ɗaya na gwada ba wata labarin gidaje masu ƙafafu, ta ce, “Ke dai tun da ɗaki ya faɗo miki.” Ban ƙara ba.

Jiya da la'asar hadari ya haɗu sosai, iska ta fara kaɗa zana. Na ajiye ɗinkin da ke hannuna. Na fita da ɗingishina na bi turakun ɗaya bayan ɗaya, na ja kowace igiya, ɗaya ta yi sako-sako na ƙara ɗaure ta yadda na ga ta yi. Na dawo na zauna a tsakiyar ɗaki na rufe ido, na fara daga bakin ruwa: itatuwa masu saiwa a waje, gidaje a kan ƙafafu, kifi a kan gora, rijiya. Ina kaiwa wajen masallacin katako ruwan ya sauko.